Baƙon da Ya Shekara Ashirin: Wa Ke da Ƙuri'a a Dogarawa?

Tun ranar 4 ga watan Afrilun 2024, da gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi a duk faɗin Nijar, babu mai ƙuri'a a Dogarawa. Ɗan gari ba shi da ita, baƙo ba shi da ita. An sallami magajin gari da mashawartansa, an kawo wakilin da aka naɗo daga sama yana riƙe da meri. Ko ba jima ko ba daɗe akwatin zaɓe zai dawo, kuma kafin ya dawo za a zauna a rubuta sabuwar doka da za ta faɗi wa zai shiga layi, wa zai tsaya gefe yana kallo. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin tayar da wannan magana, tun da ba kamfe ake yi ba, ba wanda zai ce jam'iyyar wane ta aiko ni.

Maganar ita ce: mutumin da ba ɗan Nijar ba ne a takarda, amma ya shekara goma ko ashirin a cikinmu, yana da bakin cewa wa zai zama mashawarci a ƙaramar hukumar da yake zaune?

Dokar da muka sani amsarta gajera ce. Tsarin mulkin 2010 ya ce mai zaɓe shi ne ɗan Nijar, namiji ko mace, da ya cika shekara 18. Da irin wannan ƙa'ida aka yi zaɓen 24 ga Yulin 2004, wanda ya fara ba Dogarawa majalisarta, da na Janairun 2011, da na 13 ga Disamban 2020.

Amma ku zagaya Galmi lokacin cirar albasa, ko ku shiga kasuwar Ƙonni, ku duba da kyau. Akwai telan da ya zo daga Gwadabawa tun yana saurayi, yau ɗiyansa na kwaleji tare da ƙannenmu. Akwai mai gyaran injin ban-ruwa da garake da yawa na kwarin Maggiya suka san hannunsa. Akwai Yarbawa da Ibo masu sayar da kayan gyaran mota. Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana wannan lissafi: matan da aka auro daga Gada ko Illela ko Sabon Birni, suka haifi ƴan Nijar bakwai takwas, su kuwa ba su taɓa taka kotun Ƙonni neman takardar zama ƴan ƙasa ba. Duk wanda ya kasa kaya a cikinsu ana yanka masa tikiti. Mai shago na biyan fatanti. Wanda sunansa ya shiga takardar mai gari yana biyan lanho kamar kowa. In rijiya ta rufta tare muke shan ƙishirwa.

Da na kawo zancen a fadarmu, shayi bai kai ga na biyu ba aka taso mini. Wani abokina ya ce, “Kai, wane irin zance na wanga? Baƙo raɓa na, rana na hitowa ya tahi. Ɗan Najeriya shi zaɓa muna magajin gari? Su can sun ba mu?” Ban raina maganarsa ba, zan ma dawo kanta. Sai dai kalmar nan “baƙo” da ya faɗa da ƙarfi, kamar tun fil azal haka take, tana da tarihi, kuma wani babban yanki na tarihin a ƙasarmu ta Ƙonni ya faru.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Kakanninsa Toronkawa daga Futa Toro suka taso, can Senegal ta yau, suka zauna Ƙonni zuriya bayan zuriya. Ya tashi a Degel, ya rasu a Sakkwato a 1817. Da za a kai dosiyensa gaban mai rajistar zaɓe na yau, sai kansa ya yi ciwo: asali Senegal, haihuwa Nijar, zama da kabari Najeriya. A zamaninsa tambayar ba ta da wurin zama. Kar mu yi wa zamanin ado: talaka ba ya zaɓe, masu naɗa sarki ƴan kaɗan ne, kuma ba a manta asalin mutum, balle in bawa ne. Amma zama mutumin wani sarki abu ne da ake shiga da ƙafa. Ka zo, ka sami mai masauki, ya kai ka gun mai gari, a nuna maka daji ka sare, ka biya abin da ake biya, shi ke nan an ƙidaya ka. Sarki da mutane yake taƙama, wanda talakawansa suka watse ya zama sarkin kango. Talakan da zalunci ya ishe shi sai ya ɗaure kayansa ya koma ƙarƙashin wani, ita ce ƙuri'ar da yake da ita.

Layin da ya mai da ɗan Gwadabawa baƙo a Galmi a Turai aka ja shi, kuma ba sau ɗaya ba. A 1890 Ingila da Faransa suka shirya a kan wani layi daga Sayi, bakin kogin Isa, zuwa Barwa, bakin tafkin Cadi. Ranar 14 ga Yunin 1898 suka sake sa hannu a Paris, suka dasa ƙafar kompa a tsakiyar birnin Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato kusan kilomita 160. Abin da ya faɗa ciki na Ingila ne. To ku ɗauko taswira ku auna. Ƙonni na ciki. Malbaza, Galmi da Dogarawa na ciki. Har Madawa na ciki. A takarda kakanninmu ƴan Ingilishi ne na tsawon shekara shida, ba tare da an tambaye su ba. Cikin waɗannan shekarun ne ma, a watan Mayun 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya auka wa Birnin Ƙonni ya yi kisan da har yau ba a manta ba, a ƙasar da yarjejeniyar gwamnatinsu ta ce ba tasu ba ce.

Abin da ya fitar da mu daga da'irar ruwa ne da kifi. Faransawa sun gano hanyar da aka bar musu daga kogin Isa zuwa Damagaram ta arewa take bi, inda rijiyoyi suka yi nisa da juna, ayari na wahalar wucewa in rani ya yi. Suka nemi a gyara. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904 Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi na sauka da shanya kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can Kanada ta yau, Ingila kuma ta biya ta da wasu abubuwa, ciki har da matso da iyakar nan kudu. Aka ƙara daidaita ta a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji har 1908 suna dasa alamomi. In wani ya tambaye ku dalilin da ya sa kuke karatu da Faransanci, ɗan gwaggonku na Illela na yi da Ingilishi, kuna iya ce masa kifi ne. (Illela ta Sakkwato nake nufi, wadda ke kallon Ƙonni, ba Illelarmu ta Adar ba.)

Ga wani abu da ake mantawa. Bayan an ja layin, mu da muka faɗo ɓangaren Faransi ma ba ƴan ƙasa ba ne. Talakawan Faransa ne kawai, ƙarƙashin dokar indijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da alƙali ba. Kusan shekara arba'in ana biyan bodo, ana aikin tilas, ana kwasar samari soja, ba ƙuri'a ko ɗaya ga mutum a ƙasar da aka binne cibiyarsa. Waɗanda abin ya ishe su suka yi irin ta kakanni, suka tsallaka Ingilishi da iyalansu. Wasu cikin “ƴan Najeriyan” da ke zaune cikinmu yau jikokin waɗancan ne suka dawo.

Ƙuri'a ta shigo ne ɗigo-ɗigo. A zaɓen Oktoban 1945 an haɗa Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, a mazaɓa guda, wanda ya tafi Paris da sunanmu kuma Fily Dabo Sissoko ne, mutumin Mali. A 1946 aka soke indijena da aikin tilas, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ce duk mun zama ƴan ƙasa. Amma zaɓe sai mai wata alama: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin soji, ƴan kasuwa masu fatanti, mai permin tuƙin mota ko na farauta. A 1951 aka ƙara masu gida da ke biyan haraji, da matan da suka haifi ɗiya biyu. Ku riƙe wannan, Nasara da kansa ya yarda takardar haraji na iya zama ƙofar ƙuri'a. Su kuwa Faransawa ƴan tsirarun da ke zaune Yamai da Damagaram akwatinsu daban, kujerunsu daban a majalisar ƙasa. Ke nan baƙo mai ƙuri'a ba sabon abu ba ne a Nijar, har an yi lokacin da tasa ta fi ta ɗan gida nauyi. Sai dokar 23 ga Yunin 1956 ta zo ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a ɗaya a akwati ɗaya.

Zaɓen farko da aka gwada sabuwar dokar a kansa na gari ne, a Nuwamban 1956, wanda ya ba Djibo Bakary kujerar magajin garin Yamai. A lokacin ɗan Dahomai, ɗan Senegal, ɗan Sudan da ke aikin akawu ko malanta ko gidan waya a Yamai yana da ikon shiga layi, domin a doka duk ƙasa ɗaya muke, Afirka ta Yamma ta Faransa. Ɗan Kotonu da ba ya jin Hausa ko Zabarmanci na da ƙuri'a, ɗan Illela da ke shigowa kasuwar Ƙonni a ƙafa shi ne baƙo. Shekara bakwai bayan haka, a Disamban 1963, dangantaka ta ɓaci tsakanin gwamnatin Diori Hamani da ta Dahomai, ga juyin mulkin da ya kayar da Hubert Maga, ga gardamar tsibirin Lete. Nijar ta kori ƴan Dahomai dubbai. Mutanen su ne dai na jiya, a gidajensu na jiya. Tsibirin kuwa sai 2005 kotun duniya ta ce na Nijar ne.

Yanzu mu juya madubin, don mu ƴan jahar Tawa mun fi kowa sanin baƙunci. Wane gida ne a Adar ba shi da mutum a Abijan, Kumasi, Legas ko Libiya? Ɗakunan kwano nawa ne a ƙauyukanmu aka yi da kuɗin biɗa?

A Gana, tun ana ce mata Gold Coast, mutanen zango sun shiga siyasar gari da ƙarfinsu. Zango unguwar baƙi ce, Hausawa da Mosawa da Zabarmawa da sauransu, Hausa ce harshen hulɗarta, wasu tun zamanin fataucin goro na Gwanja kakanninsu ke can. Jam'iyyarsu ta MAP ta ci kujeru a majalisun biranen Akara da Kumasi a 1953 da 1954, ta kuma tsaya tare da masu adawa da Kwame Nkrumah. Gana ta sami ƴanci a Maris 1957. Watanni kaɗan bayan haka aka ba da umarnin korar manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden, wai ba ƴan ƙasa ba ne. Suka garzaya kotu suka ce a nan aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a kanta, a watan Agusta aka fitar da su zuwa Najeriya. Sannan ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fice. Tsofaffinmu da korar ta rutsa da su suna ba da labarin yadda aka riƙa sayar da shago da kuɗin mota. Najeriya ta yi tata a Janairun 1983, ba ta kuma tsaya kan ƴan Gana ba, namu ma ta kwashe su. Ita dai dabarar mai da abokin hamayya baƙo ba ta da ƙasa: a Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jahar Borno, an tsallakar da shi Cadi wai ɗan can ne, sai kotu ce ta maido masa da ƴancinsa.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne Kodebuwa, don can ne aka yi ainihin abin da nake magana a kai, aka kuma yi shi ta hanyar da ta ɓata shi. Félix Houphouët-Boigny na son hannayen aiki a gonakin koko da kofi, yana kuma son ƙasarsa ta zama uwa a ƙungiyar Antant da aka kafa a 1959 tare da Nijar, Haute-Volta da Dahomai. A tsakiyar shekarun 1960 ya kawo shawarar mutanen waɗannan ƙasashe su zama ƴan ƙasa biyu: ɗan Nijar a Abijan kamar ɗan Kodebuwa, ɗan Kodebuwa a Yamai haka nan. Ma'aikata da ƴan bokon ƙasarsa suka ƙi, suna tsoron a raba musu guraben aiki, a farkon 1966 ya janye. Sai ya bi ta bayan gida. Ya bar baƙi ƴan Afirka suna yin zaɓe, har da na shugaban ƙasa, alhali tsarin mulkin 1960 ya ce zaɓe na ƴan ƙasa ne. A 1980 aka sa abin cikin dokar zaɓe, tsarin mulki kuwa ba a taɓa shi ba. Wato iyayenmu masu tura amalanke da masu tebur a Ajame da Tireshbil sun riƙe katin zaɓe shekara da shekaru. Na tambayi wani kawuna da ya yi zaman can yadda abin yake. Ya yi dariya ya ce, “Kati anka ba mu, anka ce giwa za mu sa ma, munka sa. Wa ka gardama da mai gida, ɗana?” Giwa ita ce alamar jam'iyyar PDCI.

Muddin jam'iyya ɗaya ce ba wanda ya damu, tun da kowa ya san mai ci. Da aka buɗe fage a 1990, Laurent Gbagbo ya tsaya takara da tsohon, sai ƙuri'ar baƙo ta zama abin faɗa. Ƴan adawa suka riƙa kiran baƙin garken zaɓe, dabbobin da ake korawa rumfa. Houphouët ya rasu a Disamban 1993. Shekara guda bayan haka dokar zaɓe ta Henri Konan Bédié ta ƙwace ƙuri'ar, aka shigo da aƙidar “ibuwarite” ta tantance ɗan ƙasa na asali. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, kusan rabinsu kuma a can aka haife su. Daga tantance baƙi aka koma zargin ƴan arewacin ƙasar kansu, duk mai suna irin na Mali ko Burkina, har ana ƙwace wa mutum katin ɗan ƙasa a shingen jandarma. A Satumban 2002 yaƙi ya tashi.

Wani zai karanta wannan ya ce to ga shi nan, ba baƙo ƙuri'a fitina ce. Ni ba haka na karanta shi ba. Abin da Houphouët ya ba kawuna kyauta ce daga mutum ɗaya, wanda zaman kawun a ƙasar ma a hannunsa yake, kuma kyautar ba ta da gindi a tsarin mulki. Ga shi ta kai har kujerar da kowa ke mutuwa a kanta, ta shugaban ƙasa. Mai irin wannan ƙuri'a ba zaɓe yake yi ba, godiya yake yi, kuma ranar da mai kyautar ya kwanta dama shi za a fara tuhuma.

Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta bi wata hanya, shiru ba hayaniya. Dokar zaɓenta ta 2001 ta ce a zaɓen ƙananan hukumomi baƙo na iya jefa ƙuri'a in yana da takardar shaida mai aiki, ya zauna shekara goma aƙalla, yana da sana'ar da hukuma ta sani, kuma ba a bin sa haraji. Ƴan layuka ne kawai. An yi zaɓukan gari da su har na 2016, kuma masifun da suka sami Burkina daga wata ƙofa suka shigo. A Turai Ayalan ta fara tun 1963, Suwidin a 1975, Holan a 1985. Faransa kuwa, wadda muke kwafar dokokinta har da waƙafi, Mitterrand ya yi alkawari a 1981, Hollande ya maimaita a 2012, har yau ɗan Nijar da ya shekara talatin a Paris ba ya zaɓen magajin gari, alhali Bajamushen da ya zo bara yana yi, albarkacin yarjejeniyar Maastricht ta 1992.

To mu koma ga abokina. “Su can sun ba mu?” Ba su ba mu ba. Dokar Najeriya ƴan ƙasa kaɗai ta sani, wanda ke son zama ɗan ƙasa kuma sai ya shekara 15. Can ma ɗan Najeriya kansa na iya zama baƙo in ya bar jahar kakansa, kuma an ga inda wannan ke kaiwa: a Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda ake kiran Hausawa baƙi, ya ci rayuka ɗaruruwa. Duk mai cewa kujerar gari ƙaramin abu ce bai san Jos ba. Wannan ne ya sa ni ma na tsaya a kan jefa ƙuri'a kawai. Kujerar magajin gari da ta mataimakansa su zauna ga ƴan ƙasa. Amma jiran sai Abuja ta fara, wannan bai shige ni ba. Telan Galmi ba shi ne ya rubuta dokar Najeriya ba, kuma mu da muka fi aika mutane waje mu muka fi buƙatar a ce akwai misali.

Tsoro na biyu ya fi ƙarfi: a kwaso mutane cikin mota daga bayan iyaka ranar zaɓe. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, dokar da ke akwai ba ta taɓa hana mai wayo ba. Duk wanda ya tashi a bakin iyaka ya san mai kati biyu, ɗaya na nan ɗaya na can. A zaɓen 2016 ma an yarda wanda ba shi da takarda ya yi zaɓe in mutum biyu sun shaide shi, aka yi ta cacar baki a kai. Wanda dokar ke hanawa shi ne mai gaskiyar da ya ce ni ɗan Gwadabawa ne, nan nake zaune. Rajista ta dabam, wadda sai da takardun lanho ko fatanti na shekara goma ake shiga, wadda ake rufewa tun da sauran watanni a kuma liƙa ta a bangon meri kowa ya karanta, ta fi shaidu biyu wuyar ha'inci. Ba a ƙera takardun shekara goma a daren jajibiri.

Akwai masu cewa in yana son ƙuri'a ya nemi zama ɗan ƙasa mana, tun da dokar 2014 ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Hanyar na nan, amma ta Yamai take bi: zaman shekara goma, dosiye, bincike, sannan dikiri daga sama. Ga mai keken ɗinki ɗaya wannan tafiya ce mai nisa. Kuma ba kowa ke son sauya ƙasa ba. Kawuna ya kusa tsufa a Abijan bai taɓa tunanin daina zama ɗan Nijar ba, amma da an tambaye shi inda za a sa famfo a unguwarsu yana da amsa. Su matan da aka auro lamarinsu dabam ne, doka ta riga ta ba su hanya ta aure, abin da ya rage alƙali ya riƙa fitowa ƙauyuka yana yin takardu kamar yadda ake yi wa yaran da ba su da takardar haihuwa. Sai kuma waɗanda ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara, zuwa jahar Maraɗi tun 2019, daga baya zuwa Bangi a gundumar Madawa. Muna ce musu ƴan gudun hijira kamar gobe za su koma. Waɗanda suka zo 2019, in Allah ya kai mu 2029 sun shekara goma.

A tuna kuma abin da majalisar ƙaramar hukuma ke yi. Ba ta aika soja, ba ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa. Kasafin kuɗin shekara take yankawa: wane ƙauye zai sami aji, wace rijiya za a yashe, ina za a yi mahauta, nawa ne tikitin kasuwa, yaya za a kiyaye burtali kar manomi da makiyayi su zub da jini. A kan waɗannan, wanda ya shekara ashirin a Galmi ya fi ni da ke lise a wani gari sanin inda ke ciwo, ya kuma fi ɗan garin da ya shekara goma a Libiya sunansa na nan cikin rajista.

In ana ganin ƙuri'a ta yi nauyi a karon farko, akwai wata kujera da doka ta riga ta sani. A majalisun da aka rushe, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama, suna magana, amma ba sa jefa ƙuri'a. Ana iya ƙara ɗaya irinta ga wakilin da baƙin ƙaramar hukumar suka zaɓa da kansu. Namu na Kumasi da Abijan suna da sarkin zango ko sarkin Hausawa da hukuma ke kira in abu ya taso, in ta ga dama. Wannan kuwa a rubuce zai kasance, da takardar gayyata kowane zama, sakataren meri kuma ya sa abin da ya faɗa cikin littafi ranar da ake yanka kuɗin da za a karɓa a kan buhun albasa baɗi.